Hannun da Ya Yi Ta Ƙaryata Ni

Ƙaramin yatsan hannuna na hagu guntu ne, gaɓa ɗaya kawai ta rage masa. In aka tambaye ni sai in ce ƙuna ce, in ja bakina in yi shiru, don amsar ta gaskiya doguwa ce, kuma ban taɓa fara ta na gama raina bai ɓaci ba. Shekaru sun ja, kaina ya yi furfura, amma haushin yana nan sabo fil. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta, in huta.

A cikin shekarun tamanin ne, lokacin soja na mulki. Muna zaune a Malali cikin gidajen ma'aikata, ni da maigida da yaranmu biyu ƙanana. Shi yana aikin awon filaye, ni kuma ina buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati a cikin gari. Wanda bai taɓa irin tafiretar wancan zamani ba, ba zai gane ba. Ƙarfe ce zalla, sai ka daka take amsawa, kuma kowane yatsa da nasa aikin. Ƙaramin yatsan hagu shi ne ɗan dako, shi ke danne maɓallin da ke ɗaga kan injin gaba ɗaya in za a buga babban baƙi. Da yatsun nan nake neman abinci, da su nake tinƙaho, don a ofishinmu ba wadda ta kai ni sauri. Sai dai ina da mita. Kullum na dawo gida sai na zayyana wa maigida laifin shugabar masu bugu, da na injin, da na motar haya, in rufe da cewa wata rana sai na ajiye aikin nan. Ban taɓa nufin haka ba, kuma na ɗauka shi ma ya sani.

A lokacin, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ranar tsaftar gari ce. Ba mota, ba babur, kowa na gida da tsintsiya har hantsi ya ɗaga. Damina ce, maigida yana waje yana kwashe kwata tare da maza, ni kuma na hau kujerar tsugunno ina goge gilasan taga, irin sirara ɗin nan da ake jerawa ana ɗagawa ana saukewa da ɗan mariƙi. Kujerar ta zame. Na kai hannu in dafa, gwiwar hannuna ta faɗa kan gilashi, ya fashe ya shige ni ta baya, gefen ciki, daidai wurin nan da in mutum ya buge yakan ji kamar lantarki ya ja shi har ƙaramin yatsa. Na ji wannan jan sau ɗaya, da ƙarfin da ban taɓa jin irinsa ba. Daga nan gefen hannun ya yi tsit.

Maƙwabcinmu sojan sama ne, a Mando yake aiki, shi da matarsa mutanen kudancin Kaduna ne. Matar ta ɗaure mini hannu da ɗankwalinta tana ta yi mini sannu, shi kuma ya zura kakinsa don kada a tare mu a hanya, ya kwashe mu ni da maigida a motarsa sai asibiti.

Likitan da muka tarar matashi ne, idonsa jawur, da gani aiki ya sha kansa. Ya wanke ciwon, ya zaro guntayen gilashi, sannan ya ce in buɗe yatsuna. Na buɗe. Ya ce in haɗe su, na haɗe. Ya yago 'yar takarda ya sa tsakanin ƙaramin yatsa da na zobe, ya ce in matse kada in bari ya zare. Na matse, ya ja, takarda ta ƙi fita.

"Kin yi sa'a, Madam," in ji shi. "Akwai wata jijiya da ke bi ta nan. Ba ta jini ba, irin wadda ke kai ji da motsi. Da gilashin ya yanke ta, da yatsun nan ba su yi abin da suka yi yanzu ba."

Na ce, "Likita, amma ba na jin ƙaramin yatsan. Da rabin na kusa da shi."

"Kumburi ne da firgita. Zai dawo."

Ya ɗinke fatar, ya naɗe, aka sallame mu. Maigida ya yi ta godiya har bakin ƙofa. Ni ma na yi godiya, don a ranar ban da dalilin ƙin yarda.

Kumburi ya saɓe, aka cire zare, tabo ya bushe, ji bai dawo ba. Yatsan yana nan, ina ganinsa, in na ce ya motsa ya motsa, amma kamar na wata mata aka ara mini. Gefen tafin hannun ma haka, har zuwa wuyan hannu. Wanda ya fi ba ni haushi yatsan zobe ne: rabinsa na ji, rabinsa ba ya ji, kamar an sa rula an ja layi a tsakiya. In ina yanka albasa sai na ga jini a faranti nake sanin na yanke. Wata rana na rufe akwati a kan yatsan, na miƙe zan tafi, akwatin ya biyo ni.

Muka koma asibiti. Wani likitan daban muka samu, amma jarrabawar ɗaya ce: buɗe, haɗe, matse takarda. Na ci. Bayan wani lokaci muka sake komawa, na sake ci. Na rasa yadda zan yi da hannun nan. Ni ina cewa ba lafiya, shi kuma da an tambaye shi sai ya miƙe ya ba da shaida a kaina. Har na taɓa tunanin in saki takardar da gangan, in yi ƙarya ko a yarda da gaskiyata, sai dai na san halina, fuskata ba ta iya ɓoye komai.

Wani daga cikin likitocin ya ɗan ƙara. Ya ɗauki allura ya tsikari yatsan, amma ba yatsan yake kallo ba, fuskata yake kallo, yana jiran in ƙifta ya kama ni. Ban ƙifta ba, don ban ji komai ba. Sai ya juya wajen maigida ya sauya harshe zuwa Turanci, ya ce masa irin wannan yakan samu mata bayan firgita, abin a rai yake ba a hannu ba, a bi ni a hankali. Ni da nake buga Turanci tun safe har yamma, ina gyara wa manyan ma'aikata rubutunsu, aka yi maganata a gabana kamar ba na wurin. Na buɗe baki zan amsa masa da harshen da ya zaɓa, maigida ya taka mini ƙafa.

Daga ranar maganar ta canza a gida. Maigida mutum ne mai haƙuri, bai iya faɗa ba, kuma abin da ya fito daga bakin likita a wurinsa ya zauna ke nan. Ya daina tambayata ya hannu. In na ambata sai ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe," ya ci gaba da karatun jarida. Wata rana da yamma muna tsakar gida ina tsince shinkafa, ya ninke jaridar ya ce, "In aikin ne ya ishe ki, ki faɗa mini kai tsaye. Ba zan hana ki ajiyewa ba. Ba sai kin ɗora wa hannu ba."

Da murya mai taushi ya faɗa, yana ganin alheri ya yi mini. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Malam, wato ƙarya nake yi?"

"Ban ce ƙarya ba. Likitoci nawa suka duba ki?"

Na ɗauki farantin shinkafata na shige kicin. Ba hannun ne ya sa ni kuka ba ranar. Mutumin da muke kwana muna tashi tare, wanda ya san ko gishiri na manta a miya sai na faɗa da bakina, shi ne yake zaton zan ƙirƙiri ciwo don in gudu daga aiki.

Aikin kuwa da ake cewa ina gudu, riƙe shi nake da haƙori. Yatsan da ba ya ji ba ya sanin ko ya sauka a kan maɓalli ko ya faɗa gefe. Sai in danna rabi, kan injin ya ɗago rabi, baƙin ya fito a rataye, ba babba ba, ba ƙarami ba. Dole na koma ina kallon hannuna kamar 'yar koyo. Shugabar masu bugu takan dawo mini da takarda duk ta yi mata zobe da jan biro. Da na yi mata bayani sai ta ce in buɗe yatsun ta gani, a gaban 'yan matan ofis. Na buɗe, ta taɓe baki. Kowa ya zama likita a kaina. Matan unguwa, 'yan'uwan maigida, har mai sayar mini da kayan miya a Babbar Kasuwa, duk wanda ya ji labari sai ya ce, "Buɗe mu gani." In na buɗe su ce ai lafiya lau, in gode wa Allah.

Ana cikin haka maigida ya aika aka zo da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, daga ƙauyenmu ta wajen Katsina. Ita ta yi mini wankan jego duka haihuwata biyu, kuma ina son ta, har gobe ina yi mata addu'a. A wurin Gwaggo ciwon jiki iri ɗaya ne, sanyi ne ya shiga, maganinsa kuma gashi. Tana da ƙa'idarta da ta gada: mai ciwo shi ne ma'auni. Za a yi ta ƙara zafi har sai ya fizge ko ya yi ƙara, a nan ake sanin zafin ya kai inda ake so, jijiya ta farka. Da wannan ƙa'ida ta gasa mata da yawa a garinmu, ba ta taɓa ƙona kowa ba, don kowa yakan fizge. Ni kuwa ta san ni, a jego ihuna har maƙwabta.

Ba da ruwa ta yi ba. Gishiri take soyawa a kasko, ta ƙulle a tsumma, ta shafe wurin da man shanu, ta ɗora. Ranar farko ta ɗora a kan hannun duka, babban yatsa da sauran suka ji, na yi tsalle. Ta yi dariya har da tafawa.

"To ga shi kuwa kina ji, ɗiyata. Mi kika ɗaga hankalin mijinki a kai?"

Na kama hannunta na bi da shi kan layin, na nuna mata inda ji ya tsaya. Washegari ta ninke wani ƙyalle ta raba ƙaramin yatsan da sauran, ta naɗa masa ƙullin gishirin shi kaɗai.

"In kin ji zahi ki hwaɗi."

"Ba na ji, Gwaggo."

Ta tsura mini ido, irin kallon da likitan nan mai allura ya yi mini. Maigida ya riga ya gaya mata abin da asibiti suka ce, don haka ta zo da amsarta a hannu.

"Taurin kai dai irin na ubanki. Dauriyar da kika kasa a jego, ita za ki yi yau don ki kunyata likitoci? Mu gani, ni da ke wa zai gaji."

Kullum da la'asar sai ta ƙara wuta. Da farko takan gwada ƙullin a bayan hannunta kafin ta ɗora mini, daga baya ta daina, tunda so take ya wuce abin da mutum zai iya daurewa. Maigida yana zaune da jaridarsa yakan ce, "Bar ta, Gwaggo, in ya ishe ta za ta yi magana." Ni kuma ban hana ba. Yatsan yakan yi ja, ya ɗan tashi, amma ina miƙa shi, don ba wanda ya kai ni son in ji zafin nan. Da zan ji shi sau ɗaya in kurma ihu, a yi mini dariya a ce dama ƙarya nake, wallahi da na yarda da cinikin.

Ranar da abin ya faru, daga kasko ta juye gishirin cikin wani siririn tsumma, ta naɗa, ta rufe da tawul don kada zafin ya fita, ta ce in zauna ta yi salla ta dawo. Gishiri ba ya tururi, ba abin da ido zai gani. Na zauna a tabarma ina jin shirin gaishe-gaishe a rediyo. Hancina ne ya fara gaya mini, na ji ƙauri na ɗauka wani abu ne a murhun maƙwabta. Sai da zafin ya ratsa ƙyallen ya taɓa rabin yatsan zoben da ke ji, sannan na yaye tawul ɗin. Da na warware tsumman, fatar ta biyo shi.

Gwaggo ta sallame ta zo ta duba. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta riƙe wuyan hannuna da hannu biyu.

"Ke ba ki ji wanga ba?"

"Tun damina nake faɗa, Gwaggo."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ita dai daga wannan lokacin ta yarda, ba ta nemi shaidar kowa ba. Maigida ya shigo ya tsaya a kanmu, ya dubi yatsan, fuskarsa ta canza, na ce a raina yau dai magana ta ƙare. Sai ya ce, "Me ya sa ba ki yi magana ba? Har ki zauna ki bari ya kai haka?"

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, irin wadda ba ta da daɗi. Wato yanzu na koma wadda za ta gasa naman jikinta don ta ci gardama. Na ce masa magana nake yi tun ranar da gilashi ya shige ni, kunne ne ban samu ba.

Ƙunar ta ƙi warkewa. Ana wankewa ana naɗewa, ni kuma ina bugunta da ƙofa da bakin tukunya ban sani ba. Kan yatsan ya yi baƙi, ya fara wari. Gwaggo ta koma gida ba ta iya haɗa ido da ni, duk da na ce mata ban riƙe ta ba. Daga ƙarshe aka tura mu wani babban asibiti a wani gari, wajen wani dattijon likita da aka ce tiyatar hannu ya ƙware a kai. Shi ya yanke abin da ya mutu ya bar mini guntun nan. Ya lura tun ranar farko cewa yana kankare ciwon ina kallon taga ko gezau ban yi ba, amma ya ce sai wurin ya warke za mu yi magana.

Da muka koma bayan ya warke, bai fara da yatsu ba. Ya juya gwiwar hannuna ya dubi tabon gilashin, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da kan yatsansa. Lantarkin nan ya tsarga mini, na zabura. Ya ce akwai ɗan ƙulli a ƙarƙashin tabon, irin wanda jijiya ke yi in an yanke ta. Sannan ya ce, "Buɗe yatsunki, Madam."

Na ce, "Ba zan buɗe ba."

Maigida ya fara ba shi haƙuri. Likitan ya ɗaga masa hannu, ya tambaye ni dalili.

"Don in na buɗe za su buɗu. In ka sa takarda zan riƙe. Daga nan ka ce lafiyata ƙalau, mu koma gida. Na gaji."

Ya dubi hannun. Ya ce in yi masa sau ɗaya don Allah, ba zai ce lafiyata ƙalau ba. Na buɗe, na haɗe, na matse. Ya ɗaure fuska kamar wanda lissafi ya ƙi fitar masa. Sai ya sa aka kawo allurar kashe zafi, ya yi mini a gaban gwiwar hannu, wajen lanƙwasa, nesa da tabon. Ya ce wata jijiya ce daban zai kwantar na ɗan lokaci, wadda ke bi ta tsakiyar hannu, kuma a yadda aka sani ba ruwanta da buɗe yatsu. Muka zauna muna jira. Babban yatsa ya yi nauyi, manuni ya bi shi.

"Yanzu buɗe."

Na ce su buɗu, suka ƙi. Na yi iya ƙoƙarina, hannun yana kwance a kan tebur kamar safar da aka cire. Ya sa takarda tsakanin yatsun, ta zame ta faɗi ƙasa da kanta. Ban taɓa murnar faɗuwa jarrabawa ba sai ranar.

Ya ɗauki biro ya zana a kan fatar hannuna, da Hausa yake bayani, kuma ni yake kallo. Ya ce manyan jijiyoyi ne ke saukowa daga kafaɗa. Ɗaya tana bi ta bayan gwiwar hannu, ita ke ba ƙaramin yatsa da rabin na zobe ji, ita kuma ke motsa ƙananan tsokokin da ke buɗe yatsu da haɗe su. Wannan gilashi ya datse ta. Ɗaya kuma tana bi ta tsakiya. A yawancin mutane kowace hanyarta daban. Amma akwai waɗanda Allah ya halitta da wani reshe da ke ɓallewa daga ta tsakiyar, ƙasa da gwiwar hannu, ya tsallaka ya haɗe da waccan. Ya ja ɗan layi a karkace ya haɗa biyun. Ya ce ni ina cikinsu. Motsin yatsuna ta wannan reshen yake zagayowa, shi ya sa yankan bai taɓa shi ba, ji kuwa ba shi da wata hanya sai wadda aka datse.

"Kamar gidan da aka yanke wa wuta ne," in ji shi, "amma akwai wayar da aka jawo daga maƙwabta zuwa ɗaki ɗaya. Mai wucewa ya ga fitila ya ce ai akwai wuta a gidan."

Ya ce ba ciwo ba ne, halitta ce, mai shi yakan rayu ya mutu bai sani ba. Daga nan murna ta kama shi, ya aika aka kira ɗalibansa. Suka cika ɗakin da fararen riguna, suna leƙe, suna bin layin biron da yatsa, wannan ya ɗaga hannun wancan ya ajiye. Wani ya ce a littafi kawai ya taɓa gani. Hannun da aka yi ta cewa ba abin da ya same shi, yau shi ne abin kallo. Na bar su suka ɗan sha kallo, sannan na janye abina.

"Likita, sha'awar ta isa haka. Jin zai dawo?"

Murnar ta sauka daga fuskarsa. Ya ce da an buɗe an ɗinke jijiyar a ranar da ta yanke, ko kusa da ranar, da akwai kyakkyawan zato. Yanzu bakunan biyu sun ja baya sun yi nisa da juna. Za a iya gwadawa, amma ba zai yi mini alkawari ba. Ya ƙara da cewa kada in ga laifin yaron da ya fara duba ni da yawa, gwajin da aka koya masa ya yi, kuma littafi hannun yawancin mutane ya zana.

Na ce, "Ba a koya musu su tambayi mai hannun ba?"

"Ana koya musu," in ji shi.

Maigida ya gyara murya. "Likita, wato tun farko ba ta ji?"

"Tun ranar da gilashin ya shige ta."

Ya sunkuyar da kai. Na san ya kamata in ji sanyi a raina, amma wuta ce ta tashi. Kalmomin da na yi ta faɗa masa a tsakar gida, a kicin, a kan hanyar asibiti, su ne dai likitan ya maimaita, bai ƙara ko ɗaya ba. Bambancin kawai farar riga. An yi mini tiyatar daga baya, jin bai dawo ba, tafireta kuma na bar ta aka mai da ni wajen ajiye fayil har na yi ritaya. Amma a wannan rana ba yatsan nake tunani ba, ba aikin ba. Tambayar da ke cina ita ce ko mutumin nan ya yarda da ni ne, ko dai ya sauya likitan da yake bi.

Sai da allurar ta sake ni, babban yatsa ya fara tsikari, sannan muka nufi tasha. Muka samu motar Kaduna, muka zauna a baya, ni a jikin taga ta dama, shi a haguna. Na juya masa ƙeya. Ya sayo ayaba ya miƙo, ban karɓa ba. Ya ce ko a sauke gilashi, ban amsa ba. Na ja gyalena na rufe hannuwana a cinya, na zuba wa gonaki ido, ina ta shirya maganganun da zan faɗa masa in mun isa gida, ina jera su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ta baya kaifi.

Mun kusa Kawo na so in gyara ɗankwali. Na ɗago hannun hagu, ya ƙi tahowa. Na ɗaga gefen gyalen na leƙa. Ya zuro hannunsa ta ƙasa, ya riƙe guntun yatsan da yatsunsa biyu, a hankali, bai taɓa ko'ina ba sai nan. Ban san tun yaushe ba, wataƙila tun fitowarmu daga tasha. Shi kuma yana kallon gaba kamar ba shi ba.

Raina ya sake ɓaci. Na ce a raina ga shi nan, har yanzu bai gane ba, yana zaton ina ji na ƙyale shi, ya ɗauki shiruna a matsayin na haƙura, kamar yadda suka ɗauki shiruna ranar gishiri. Na rage murya don kada fasinjoji su ji.

"Malam, nan wurin ba na ji."

Bai juyo ba, bai kuma saki ba.

"Na sani," in ji shi. "Da kina ji ai da tuni kin fizge."

Na mai da gyalen na rufe. Ban fizge ba, amma ban yi masa magana ba har muka isa Malali.